Ma'auni a Gado na Bakwai

Bayan la'asar ta zo da takarda,
Nas Afrakoma, tabarau a goshi,
da wani ɗan Asawase mai yi mata tafinta.
Ta ja kujera ta ce: Baba Sanda,
tambaya tara ce, a kan mako biyun da suka wuce.
Amsa huɗu: babu, kwana kaɗan, fiye da rabi, kullum.

Na ce, 'yar nan, awo kika zo yi?
To kin faɗo gidan ma'auni.
Shekara ashirin da shida ina kan olonka,
gero, masara, farin waken Techiman,
kafin buhuna su zubo daga mota
su raba ni da ƙafafuna a bakin kasuwa.
Na san mai cikawa har tsororuwa,
na san mai bubbuga gindin gwangwani da dare
don ya ci tafin hannu ɗaya a kan kowace uwar marayu.

Ta ce, barci fa?
Ana juya ni bayan awa bibbiyu
kamar masa a tanda,
don kada gyambo ya ci min kwankwaso.
Rubuta kullum.
Gajiya?
Ki ɗauki rabin jikinki da hannu biyu
daga gado zuwa keke, ki dawo ki tambaye ni.
Abinci?
Da gangan nake ragewa,
ina jin nauyin yaron da ke kwashe abin da ya biyo baya.
Ko mutane sun lura motsinka ya ragu?
Tafinta ya sunkuyar da kai.
Ni kuwa na yi dariya har robar fitsari ta girgiza.

Sai ta ajiye biro.
Ta ce waɗannan huɗun, laka kan amsa su
tun zuciya ba ta buɗe baki ba.
Na ce, ashe kin san gwangwaninki a lotse yake.
Ta ce ta sani, shi ya sa ta zauna.

Abin da a da yake maka daɗi fa?

Rediyona na ƙarƙashin matashi.
Barikisu ta sa masa sabon batir tun Juma'ar waccan.
An buga ƙwallo sau biyu, duk ɗakin nan ya ɗauki ihu,
ni ina ƙirga ramukan silin.
Furar Aboabo ta kwana a kwano har ta yi tsami.

Kana jin ka zama kaya a kan iyalinka?

Na ce alhamdulillahi.
Ta duba takarda, babu gurbinsa.
Tafinta ya ce, Baba, a cikin huɗun nan.
Na sake cewa alhamdulillahi,
domin da shi aka yaye mu,
kuma namiji a Zongo ba ya shanya cikinsa a titi.
Amma na ga Azumi jiya ta taga,
tana ƙirga kuɗin mota sau uku kafin ta tsallaka,
babu 'yan kunnenta na aure.

Ta tara ta yi ta da murya ƙasa-ƙasa,
yaron ma da ƙyar ya juya ta Hausa:
ko ka taɓa jin gara a ce babu kai?

Ladanin wani masallaci ya fara gyaran murya.
Ban taɓa tauye mudu ba a rayuwata,
ba zan fara a kwance ba.
Na ce, kwana kaɗan.
Yawanci wajen ƙarfe uku na dare.

Ba ta haɗa lissafi a gabana ba.
Ta ce likitan zuciya, ba mai sauraron bugunta ba, ɗayan,
zai zo gobe da hantsi, ita ma za ta zo,
yau kuma mai aikin dare zai riƙa leƙo ni.
Ta tambaya ko a kira Azumi.
Na ce a bari ta sayar da kokonta tukuna.

Da za ta tashi ta taɓa rediyon ta ce, yana aiki?
Na ce yana yi.
Ba ta kunna ba.
Ta dai fito da shi daga ƙarƙashin matashi
ta ajiye inda hannuna ke kaiwa.